Ka Kai Balkisu Awo

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sa tashin da za ku yi ya zama na alheri, ya tsare ku a hanya, ya haɗa ku da maƙwabta na ƙwarai a inda za ku sauka.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka. Kai ne ɗan fari. Ko sunanka bakina bai saba kamawa ba, balle in zaunar da kai in yi maka maganar cikin matarka. Na gwada a zaure, da ka zauna sai nauyi ya kama ni, na ɓuge da tambayarka lafiyar injin ban ruwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ka karanta kai kaɗai, ba sai mun haɗa ido ba.

Na ji daɗin fadamar da surukinka ya ba ka a ƙauyensu na bayan Maiyama. Gonarmu ta nan Dangamaji ta yi mana kaɗan, kuma namiji yana bukatar inda zai ce nan nasa ne. Amma matata Inna Kulu ta shaida mini cewa Balkisu na da juna biyu, har ciki ya soma fitowa, kuma ba ta taɓa zuwa awo ba. Ta ce da ta yi maka magana, ka amsa mata da cewa, "Bari mu tahi mu zauna tukuna, in an ƙare dashen albasa sai a gani." Tun da na ji wannan magana tuwo bai yi mini daɗi ba.

Ka san mahaifiyarka Dije wurin haihuwa ta rasu, kana ƙarami. Abin da aka gaya maka ke nan, kuma gaskiya ne. Yadda abin ya bi har ya kai can, shi ne nake so ka sani, domin yanzu kai ma kana da matar da za ta haihu nesa da asibiti.

Haihuwarka ba ta ba kowa wahala ba. Na fita gona da safe mahaifiyarka na shara, na dawo da azahar na tarar ungozoma ta riga ta yanke cibi, kakarka na hura wutar ruwan wanka. Ko kukan naƙuda ban ji ba. Sai na ɗauka haka haihuwa take. Idan ana hira a ƙofar masallaci aka ce wane ya kai matarsa asibitin Jega, sai in ce, "Mu matan gidanmu ba su san ƙohwar asibiti ba." Da alfahari nake faɗa. Ɗana, kada sauƙin da wata ta samu ya ruɗe ka, ko da ita Balkisun ce da kanta ta samu sauƙi a karo na farko. Kowane ciki da halin da yake zuwa da shi.

Ciki na biyu ya zo mata da damina. Wata malamar asibiti tana bin gida-gida a kan kabu-kabu, tana kiran mata su je awo. Ta yi sallama a ƙofarmu ina gyaran ƙotar fartanya.

Ta ce, "Malam, an ce maiɗakinka na da ciki. Muna so ta riƙa zuwa awo."

Na ce, "Wa ya ce maki ba ta da lahiya?"

Ta ce, "Ba sai ba ta da lahiya ba. Muna duba jininta, mu ba ta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, mu ba ta gidan sauro."

Na ce, "Gidan ga babu maras lahiya. Ki gwada gaba."

Mahaifiyarka na tsaye bayan zana, duk ta ji. Ban tambaye ta ko tana son zuwa ba.

Ruwa ya yi yawa a shekarar, sauro ya cika gari. Zazzaɓi ya riƙa kama ta yana saki. Muka yi ta ba ta jiƙon ganye, idan ya sake ta sai ta tashi ta koma daka. Tafin hannunta ya yi fari, idan ta ɗebo ruwa daga rijiya sai ta tsaya tana haki a tsakar gida. Ni a wurina duk laulayi ne. Ciki bai cika watanninsa ba ta haihu, 'ya mace, bakwaini. Aka naɗe ta da auduga da tsummoki, aka kwantar da ita kusa da garwashi. Kukanta kamar na 'yar kyanwa, kuma bakinta ba ya iya kama nono. Mahaifiyarka ta riƙa tatsa tana ɗiga mata da cokali. Ba ta kai ranar suna ba. Ni na ɗauke ta a hannuna zuwa maƙabarta, likkafaninta bai kai hannun rigata girma ba. Kana da ƙanwa da ba a sa mata suna ba, tana kwance gabas da tsamiyar nan.

Awo ba don maras lafiya aka yi shi ba. Wannan shi ne abin da ban gane ba. Ana zuwa ne tun mace tana kan ƙafafunta, domin akwai abin da ke cin ta a ɓoye, ita ba ta sani ba, kai ba ka sani ba, ungozoma ma ba ta iya gani da ido. Idan ka jira sai ta kwanta, to ba awo za ka kai ta ba, ceto za ka je nema.

Ciki na uku shi ne ya tafi da ita. A wannan karo ba ta jira izinina ba. Matan unguwa sun je gaisuwar rasuwa Jega, ta bi su, daga can ta ratse ta shiga asibiti aka auna ta. Da ta kawo mini abinci ta durƙusa gefe, ba ta tashi ba.

Ta ce, "Malam, na je awo."

Na ce, "Da izinin wa?"

Ta ce, "Sun ce jinina ya hau. Kuma sun ce jinin jikina bai isa ba."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Na ce, "To wace ce gaskiya? Ya hau, ko bai isa ba? Kin ga su kansu ba su san abin da suke hwaɗi ba."

Ta ce, "Sun ce kada in daɗe ban koma ba, kuma in tahi da kai. Sun ce in na ji ciwon kai mai tsanani, ko na ga duhu, a kai ni nan take."

Na ce, "Bari mu ƙare cirar albasa."

Daga baya na fahimci hawan jini daban, ƙarancin jini daban, kuma mace ɗaya tana iya haɗa su. Da na bi ta na tambaya, da an yi mini bayani. Amma na ji haushin ta je ba da sanina ba, haushin nan ya toshe mini kunne. Idan Balkisu ta dawo maka da maganar asibiti ba ka gane ba, kada ka yi mata dariya. Ka tashi ka je ka tambaya da bakinka.

Albasa ta yi kyau a shekarar. Kullum ina fadama tun sassafe, ana cira, ana shanya, wata ana kaiwa rudu, wato rumfar ajiya, wata ana ɗurawa a buhu. Ƙwayoyin da aka ba ta a asibiti suka ƙare, ban sa an karɓo wasu ba. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Fuskarta ta cika, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa sai da aka yanke shi. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ta ce alamar namiji ce, wata tsohuwa ta ce tagwaye ne. Muka yi murna da kumburin da ke kashe ta. Ta soma kukan ciwon kai, na sayo mata magani a kemis.

Ranar da zan kai kaya kasuwar Aliero, ina ɗaure buhuna, ta fito ta dafa ƙofar ɗaki.

Ta ce, "Malam, idanuna na ganin wuta-wuta, awa walƙiya. Kuma nan ƙarƙashin ƙirjina na ciwo."

Na ce, "Rana ce. Ki bar daka yau, ki kwanta inuwa. In na dawo sai mu gani."

Na hau mota na tafi.

A lokacin waya ba ta yawaita ba. Wani maƙwabcinmu ne ya biyo ni a kan babur, ya same ni tsakiyar kasuwa. Ya ce, "Ka taso, Dije ta hwaɗi." Na tambaye shi ko haihuwa ce, ya ce bai sani ba, mata dai sun cika gida. Sai na ce masa ya jira dillali ya gama duba buhunan. Na tsaya har aka gama.

Da na iso gida, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙin magani, ko fuskarta ba na gani sosai. An ce ta faɗi gefen turmi tana jijjiga, ta taune harshenta, kumfa da jini na fita daga bakinta. Mata suka ce iska ce ta buge ta. Yayana Umaru yana zaure, shi ne babba a gidan, ya riga ya aika a kira mai magani daga wani ƙauye. Ya ce mini, "Wanga ba ciwon asibiti ba ne. In anka yi mata allura sai abin shi ƙaru. Ka yi haƙuri shi iso."

A nan take maganarta ta dawo mini, ciwon kai da ganin duhu, a kai ni nan take. Na tuna sarai. Amma zaure cike yake da mutane, na ji nauyin in ƙetare maganar yayana a gabansu. Na zauna. Muna zaune jijjigar ta sake kama ta, ina jin ƙarar ƙafarta tana dukan gado daga inda nake. Ta lafa, ta sake dawowa. Sai da aka kira la'asar na miƙe na ce ni dai asibiti zan kai ta, wanda zai yi fushi ya yi.

Ka ji wannan da kyau. Ranar da matarka ta shiga irin wannan hali, babu wanda za ka jira izininsa. Ba surukinka ba, ba manyan ƙauyen ba, ba ni ba. Ka ɗauke ta ka tafi, a yi maka faɗan rashin kunya daga baya. Wannan faɗan yana ƙarewa.

Da na yanke shawarar ma, babu abin ɗaukar ta. Ba ta iya zama a babur. Muka shimfiɗa ta a amalanken shanu har bakin titi, muka yi ta ɗaga wa motoci hannu suna wucewa. Wadda ta tsaya irin motar da ke ɗaukar albasa ce, ta sauke kaya tana komawa. A kan buhunan wofi muka kwantar da mahaifiyarka, kakarka na riƙe da kanta.

A asibiti ba wanda ya zage ni. Wata babbar nas ta tambaye ni, "Tun yaushe ta fara?"

Na ce, "Tun hantsi."

Ta ce, "Tana zuwa awo?"

Na ce, "Sau ɗaya ta je."

Ta dube ni, ta juya ta shiga. Suka yi mata allurai, jijjigar ta tsaya. Amma ɗan ya riga ya mutu a ciki. Namiji ne, cikakke, har da suma a kansa. Bayan an fitar da shi jini ya ɓalle mata, ita da dama jinin bai ishe ta ba. Aka ce a kawo wanda zai ba da jini. Aka gwada nawa bai dace da nata ba. Mazan da suka rako ni, da suka ji maganar ɗibar jini, wannan ya ce zai je salla, wancan ya ce zai sayo ruwa, ban sake ganin su ba. Ba mugaye ba ne, tsoro suke ji, sun ɗauka wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara iya noma. Na shiga garin Jega ina bin ƙofofin mutanen da na sani da waɗanda ban sani ba. Wanda ya yarda ya biyo ni wani mai ɗinkin buhu ne da ban taɓa yi wa alherin komai ba. An ɗebi nasa, an ƙara mata, amma an makara.

Washegari da hantsi ta buɗe ido. Harshenta ya kumbura, sai da na kai kunnena bakinta.

Ta ce, "Ya yi kuka?"

Na ce mata yana hannun malamai, suna yi masa wanka. Ta lumshe ido. Kafin azahar ta cika.

Albasar shekarar ta yi daraja irin wadda ban taɓa gani ba. Da ita na yi sadakar uku, da ita na yi ta arba'in.

Masu ta'aziyya kowa ya zo sai ya ce kwana ya ƙare, kuma na yarda. Babu mai wuce ranarsa. Amma ni manomi ne, kai ma manomi ne. Ban taɓa ganin ka bar fangalin albasa babu ruwa ka ce in Allah ya ƙaddara za ta yi ba. Tsutsa ta taɓa ganye, ka ruga neman feshi tun kafin ta yaɗu. Allah ne ke ba da amfanin, amma ba ka fasa ban ruwa. Ni na yi wa gonata wannan kula, ban yi wa mahaifiyarka ba. Ban ce da na kai ta lalle da tana raye ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne an gaya mana, an ba mu lokaci mai yawa, muka zauna.

Bayan shekaru na auri Inna Kulu. Da ta samu cikin ƙanwarka Maryama, ni da kaina nake goya ta a babur zuwa awo. In zauna a benci a waje tare da masu sayar da ruwan leda, ni kaɗai namiji mai furfura. A majalisa har suna aka sa mini, ana cewa Malam ya koma ungozoma. Ban fasa ba. Da ciki ya tsufa aka ce mana jaririyar a gicciye take kwance, kada a kuskura a yi naƙuda a gida. Kulu ta yi kuka, ta ce ita ba a yanka ta. Danginta suka ce a bari a gwada a gida tukuna. Na ƙi. Aka yi mata aiki aka ciro Maryama, wadda yanzu take cika mana gida da surutu.

Ba zan ce maka zuwa asibitin daɗi gare shi ba. Za ku je da safe ku wuni kan layi. Wata rana a ce magani ya ƙare ku saya a waje, wata rana ku haɗu da wadda ta gaji ta yi wa matarka tsawa a gaban mutane. Kuma na san gidan da matar ba ta taɓa fashin awo ba, duk da haka aka rasa ɗan. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya same ku, zuciyarka za ta ce maka ka daina. Kada ka daina. Ka haɗiye tsawar ka koma.

Inda za ku ya fi nan nisa da titi, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Da kun sauka, kafin ka san inda ake sayar da taki, ka san inda asibiti mafi kusa yake, da ranar da suke awo. Ka san mai mota a ƙauyen, ka riƙe lambarsa, ku saba tun ba ka da bukata. Ka je a gwada jininka a ga ko ya dace da nata, in bai dace ba ka nemi wanda zai tsaya maka, ku yi magana tun yanzu, ba ranar da kowa zai tafi salla ba. Ka ware akuya ɗaya ka ce wannan ta haihuwa ce, ko injin ya lalace kada ka taɓa ta. Ta kwana cikin gidan sauro. Ƙwayoyin ƙarin jini suna tayar da zuciya, kuma za ta ji mata na cewa suna sa jariri ya yi ƙato ya ƙi fita. Kada ta bar sha saboda wannan. Ka riƙa sayo mata hanta da wake, a sa zogale a miya. Idan ka ga kumburi a fuska ko hannu, ko ta ce kanta na sarawa, ko tana ganin duhu, ko jini ya fito, ko ta ce ɗan ya daina motsi, ka ajiye duk abin da ke hannunka.

Sai dai duk wannan ba zai yi amfani ba idan ba ta gaya maka ba, kuma Balkisu ba za ta gaya maka ba. Cikin fari ne, kunya za ta rufe mata baki, ga ta yarinya mai kawaici. Mahaifiyarka sau ɗaya take faɗin magana, idan na ture ba ta maimaitawa, sai in ɗauka abin ya wuce. Kai za ka riƙa tambaya. Kuma ka gaya mata a gaban matan gidan da za ku zauna cewa ka ba ta izini, duk ranar da ta ji ba daidai ba ta tafi asibiti ko kana nan ko ba ka nan. Su ji da kunnensu, don kada ranar su ce sai an jira maigida.

Ina so kafin ku ɗora kaya a mota ku fara zuwa Jega a auna ta. Inna Kulu ta ce za ta raka ku, ita ta san ƙofar da ake shiga. Ba sai ka zo ka ba ni amsar takardar nan ba, na san nauyin da za ka ji. Idan na ga kun fita ku uku, na ji amsarka.

In kuma kun zauna can, ranar awo ta zo daidai da ranar dashe ko ban ruwa, kada ka tsaya kana auna wanne za ka bari. Ka buga mini waya. Gwiwoyina sun fara ciwo, amma har yanzu ina iya tayar da inji. Zan hau kabu-kabu in zo Maiyama in ba albasarka ruwa, kai ka kai matarka.

Allah ya kai ku lafiya, ya zaunar da ku lafiya. Allah ya sauki Balkisu lafiya, ya ba ku mai albarka, ya sa mu ji kukansa da kunnenmu, mu ci sunansa uwarsa na zaune a ɗaki. Allah ya jiƙan mahaifiyarka da ƙannenka biyu, ya haskaka makwancinsu. Ka gaida surukanka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.